Majigi a Aljihu: Wa Ke da Ikon Rubutu a Rigar Wani?

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata tambaya da nake so mu tauna tare a wannan fitowa ta mujallarmu. Na san wasu za su ce ai ta 'yan kwamfuta ce, ba ruwan mai karatun likita ko lauya ko tattalin arziki da ita. Ni kuwa a ganina ta shafi duk wanda ke da fuska, yake kuma yawo da ita a cikin mutanen da ba su san shi ba, wato ke nan ta shafe mu baki ɗaya. Tambayar ita ce: idan na mallaki wata 'yar na'ura da za ta iya haska rubutu ko hoto a kan duk abin da na nuna ta gare shi, bango ne, tebur ne, ko ƙirjin mutumin da ke tsaye a gabana, shin sai na nemi izinin wani kafin in kunna ta? Haske dai ba ya ɓata bango, ba ya yaga riga, da an kashe shi ya tafi. To ina laifin yake, in har akwai shi?

Daga motar majigi zuwa aljihu

Kalmar majigi ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Iyayenmu da kakanninmu sun san motar majigi ta zamanin Turawan mulki da kuma bayan samun 'yancin kai, wadda kan shigo gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko a filin makaranta, in dare ya yi a tayar da janareta a nuna wa jama'a tsabtar gida, ko noman gyaɗa da auduga, ko hawan daba. Masana sun ce sunan ya samo asali ne daga wata tsohuwar fitilar nuna hotuna da Turawa ke kira fitilar sihiri da harshensu. Abin lura a nan shi ne abubuwa uku da wancan majigi yake da su. An san mai shi, domin na hukuma ne, kuma mai gari ya san da zuwansa. An san inda zai haska, domin allonsa guda ne a wuri guda. Sannan wanda bai so kallo ba yana iya naɗe tabarmarsa ya koma gida.

Majigin da nake magana a kai ya rushe waɗannan abubuwa uku gaba ɗaya. Girmansa bai wuce wayar salula ba, wani ma a cikin wayar yake. Irinsa sun fara shiga kasuwa ne wajajen 2008. A 2009 kamfanin Nikon ya fitar da kyamara mai majigi a cikinta, sannan Samsung ya yi wayar Galaxy Beam, wadda samfurinta na 2012 ke ba da haske lumen 15, alhali majigin da malamanmu ke amfani da shi a ɗakin lacca yakan kai dubu biyu ko uku. Hanyoyin aikinsu biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce ta kamfanin Texas Instruments, wadda Larry Hornbeck ya ƙirƙiro a 1987: ƙananan madubai dubun dubata a kan wani ɗan faranti da bai kai farce ba, kowane madubi yana karkatawa sau dubbai a daƙiƙa guda, ya tura haske waje ko ya kau da shi, ta haka hoto ke fita. Ta biyu kuwa madubi ɗaya ne tak, yana kaɗa zaren hasken leza ja da kore da shuɗi layi bayan layi, da saurin da ido ba ya iya bi.

Da aka haɗa wannan majigi da kyamara sai ya tashi daga abin kallon fim kawai. Kyamarar tana ganin abin da ke gabanta, kwamfuta ta gane shi, majigi kuma ya rubuta bayani a kansa daidai inda ya kamata. Wannan reshe ne na fasahar da zan kira ƙari a kan zahiri, wato a bar duniya yadda ido ke ganinta amma a ɗora mata bayani. Injiniyoyin kamfanin jiragen sama na Boeing ne suka raɗa mata sunanta na Turanci a farkon shekarun 1990, lokacin da suke neman hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi. Ana iya ɗora bayanin ta tabarau, wanda mai sanye da shi kaɗai ke gani, ko ta majigi, wanda kowa a wurin ke gani. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin za mu dawo kansa.

Amfanin da ba a musu

Kada a ɗauka na zo ne in yi wa na'ura tofin Allah tsine. 'Yan uwanmu masu karatun likita da aikin jinya sun ga na'urar neman jijiya, irin su AccuVein da VeinViewer. Tana haska fatar majiyyaci da wani haske da ido ba ya gani, jinin da ke cikin jijiya ya shanye shi, kyamara ta ga inda jijiyoyin suke, sai majigi ya zana taswirarsu a kan fatar kanta. An yi ta ne domin mai ɗaukar jini ya rage lalube a hannun jariri, ko a hannun wanda allura ta riga ta gama da jijiyoyinsa. Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon sikila ya san darajar a samu jijiya a huda ta farko.

A 2011 masu bincike na kamfanin Microsoft da Jami'ar Carnegie Mellon sun nuna wata na'ura mai suna OmniTouch da ake ɗorawa a kafaɗa, tana mai da tafin hannu ko littafi ko bango ya zama allon da ake latsawa. A wannan shekarar ce kuma masu binciken Disney suka nuna SideBySide, inda mutum biyu kowa da majiginsa a hannu suke haska bango ɗaya, hotunan biyu kuma su gane juna, har a yi wasan dambe tsakaninsu ko a miƙa wa juna fayil. A duk waɗannan misalai, abin da aka haska a kansa ko dai na mai haskawar ne, ko kuma mai shi ya miƙa da yardarsa. Majiyyaci shi ya miƙo hannunsa. Abokin wasa shi ya zo bangon da ƙafarsa.

Rigar ɗalibin nan

Gizo yana saƙar ne a wani misali dabam. A watan Fabrairu na 2009, Farfesa Pattie Maes ta cibiyar MIT da ke Amurka ta gabatar wa taron TED aikin ɗalibinta Pranav Mistry, mai suna SixthSense. Kayan haɗinsa kyamara ce da ƙaramin majigi da ɗan madubi, a rataye a wuya, da waya a aljihu, sai murafen alƙalami masu launi a kan yatsu domin kyamara ta riƙa bin motsinsu. Kuɗinsu duka bai wuce dala 350 ba. An nuna shi yana zana da'ira a wuyan hannunsa agogo ya bayyana, yana buɗe tafinsa lambobin waya su fito ya latsa, yana ɗaga littafi a kanti ra'ayin masu saye ya bayyana a bangonsa, yana riƙe tikitin jirgi a rubuta masa a kai cewa jirgin zai yi latti. Sai kuma aka nuna ya haɗu da wani ɗalibi, nan take kalmomin da aka tsinto game da shi a intanet suka bayyana a gaban rigarsa.

Kalmomin da suka fito a rigar wancan ɗalibi ba masu cutarwa ba ne, kuma da saninsa aka yi. Amma mu ɗauki rigar mu sanya wa kanmu. Mu da ke zaune a ƙasashen mutane mun san yadda ake karanta mutum tun kafin ya buɗe baki. Launin fasfo ana karanta shi a filin jirgi, suna ana karanta shi a takardar neman aiki, lafazi ana karanta shi a waya idan ka kira mai gidan haya. Kowannenmu ya taɓa ganin fuskar wani ta canza da ya ji sunan ƙasarmu, ya kuma ɗauki watanni yana gyara abin da ba shi ya ɓata ba. Wannan fa karatun zuci ne, wanda mai yinsa kan ji nauyin furta shi. To yaya za ta kasance idan na'ura ce za ta tattaro abin da intanet ya sani game da sunanka da garinku da ƙasarku, ta rubuta a ƙirjinka da manyan baƙaƙe a tsakiyar taro? Balle mu da sunayenmu ke yawan maimaituwa, har tun a firamare sai an haɗa wa yaro da sunan garinsu ko unguwarsu kafin a bambance shi da takwarorinsa uku a aji ɗaya. Laifin takwaranka zai iya sauka a rigarka, kai kuma ba ka da wurin ɗaukaka ƙara.

Abin da ake ƙwacewa a nan, a fahimtata, shi ne ikon mutum na gabatar da kansa. A tarbiyyarmu baƙo ruwa ake fara ba shi, a yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gajiya da hanya da mutanen gida, kafin a zo ga wane ne shi da abin da ke tafe da shi. Na daɗe ina ganin hikima a wannan jinkiri. Tsakanin ganin mutum da saninsa akwai wata 'yar tazara, kuma a cikinta ne mutum ke zaɓen abin da zai fara faɗa da abin da zai bari sai an saba. Marar lafiya ba ya fara gaisuwa da sunan ciwonsa, wanda aurensa ya mutu ba ya buɗe hira da wannan. Ba ƙarya suke yi ba, sutura ce, kuma kowa yana da abin da yake so a bar masa a rufe har sai ya ga dama.

Tsoffin masanan Girka irin su Euclid da Ptolemy sun ɗauka cewa ido ne ke fitar da haske ya je ya taɓa abin da ake kallo. Ibn al-Haytham, haifaffen Basra wanda ya rayu a Alƙahira har rasuwarsa wajajen 1040, shi ya kafa hujja a littafinsa Kitab al-Manazir cewa hasken shigowa yake yi cikin ido daga waje. Wato kallo karɓa ne, mai kallo ba ya ƙara wa abin kallonsa komai. Shi ya sa muke iya zama a jirgin ƙasa cikin ɗaruruwan idanu ba tare da an taɓa mu ba. Majigin da aka haɗa da kyamara ya mai da kuskuren Girkawa gaskiya: ga ido da ke fitar da haske, ya sauka a jikinka, ya bar ra'ayin mai kallo a wurin don kowa ya karanta. Irin wannan kallo ya zama aiki, kuma duk aikin da aka yi a jikin wani ana tambayar izini a kansa.

Hujjojin masu cewa ba komai

Hujja ta farko ita ce wadda na fara da ita, cewa haske ba ya barin tabo. Amsata ita ce magana ma ba ta barin tabo a fata, amma ba wanda ya ce ƙazafi ba laifi ba ne saboda iska ta ɗauke sautinsa. Idan aka shafa wa mutum kashin kaji, a zukatan waɗanda suka ji ne warin ke zama. A 1985 wani mai fasaha haifaffen Folan, Krzysztof Wodiczko, yana da izinin haska hoto a kan dogon ginshiƙin da ke dandalin Trafalgar a Landan, sai ya juya majiginsa ya haska tambarin 'yan Nazi a goshin ofishin jakadancin Afirka ta Kudu, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa. Kimanin awa biyu hoton ya yi kafin 'yan sanda su sa a kashe. Bai fasa ko bulo ɗaya ba, amma har yau ana maganarsa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa haske yana da nauyi.

Wani zai ce, to ai Wodiczko bai nemi izini ba, ko shi ma ya yi laifi? Ni dai ina ganin ya yi daidai, kuma dalilin da ya sa ya yi daidai shi ne zai nuna mana iyakar. Abin da ya haska ginin gwamnati ne, a kan aikin da gwamnatin ke yi a bainar duniya. Mai rauni ne ya ɗaga murya a kan mai ƙarfi. Sannan yana tsaye a wurin da kansa, kowa na ganinsa, a shirye yake ya amsa tambayar hukuma. Idan aka juya waɗannan abubuwa, ya zama jikin mutum ɗaya ne allon, sirrin rayuwarsa ne rubutun, mai haskawar kuma shi ne mai ƙarfi ko kuma ba a ma san ko wane ne ba, to an tashi daga faɗin gaskiya an koma tozarci.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Masu ita suna cewa ai bayanan nan dama a fili suke, duk wanda ya shiga intanet zai same su, na'urar ba ta saci komai ba. Gaskiya ne, amma abin da ke warwatse da abin da aka tattara ba ɗaya ba ne. Maƙwabcinka ya san lokacin fitarka, mai kanti ya san abin da kake saye, abokin karatunka ya san jarrabawar da ka faɗi. Ba wanda ya cuce ka a cikinsu. Ranar da wani ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya haɗa duka a takarda guda, ranar ka san ana farautarka. Bugu da ƙari akwai maganar lokaci. Mutum yana canzawa, intanet kuwa ba ya mantuwa. A watan Mayu na 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a ƙarar wani mutumin Sifen wanda duk sa'ad da aka nemi sunansa a Google sai wata sanarwar jarida ta 1998 ta fito game da gwanjon gidansa saboda bashi, alhali an daɗe da kashe maganar. Kotun ta ce yana da haƙƙin a cire wannan daga sakamakon neman sunansa. Sanarwar gaskiya ce, a fili kuma take, duk da haka alƙalan suka ga bai dace ta riƙa bin sa har abada ba. In haka ne a allon kwamfuta, ina ga a gaban rigarsa?

Majigi ya faɗi, tambayar ba ta faɗi ba

Majigin aljihu bai ci kasuwa yadda aka yi zato ba. Haskensa ba ya iya ja da rana, yana kuma shan batir. Wayoyi masu majigi ba su yaɗu ba. Yunƙuri na baya-bayan nan da ya yi suna shi ne AI Pin na kamfanin Humane, wanda ake maƙalawa a riga yana haska koren rubutu a tafin hannu. Ya fito a 2024 a kan dala 699, amma kafin ƙarshen Fabrairu na 2025 an sayar da kadarorin kamfanin ga HP, aka kuma rufe hidimar da na'urorin suka dogara da ita.

Kada wannan ya sa mu saki jiki, domin aikin ya koma ɗaya hanyar da na ce a riƙe, wato tabarau. A watan Oktoba na 2024 wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Harvard sun haɗa tabarau mai kyamara na Ray-Ban Meta da wata manhajar gane fuska, suka nuna cewa za su iya kallon baƙo a hanya, cikin ɗan lokaci sunansa da wasu bayanansa, wani lokaci har adireshin gidansa, su iso wayarsu. Sun ce don faɗakarwa suka yi, ba su kuma saki manhajar ga jama'a ba. Rigar ɗalibin nan ce ta 2009 ta dawo, sai dai yanzu mai rigar bai san an yi rubutu a kansa ba.

A nan ne na ga ya kamata a yi wa majigi adalci. Duk da abin da na faɗa a kansa, yana da wata nagarta da tabarau ba shi da ita: ba ya iya ɓoye abin da yake yi. Idan ka haska kalma a ƙirjina zan sunkuya in gani. Zan iya cewa ƙarya ne, ko in ce wannan takwarana ne, ko in sa hannu in tare hasken, ko in tambaye ka wa ya aike ka. Mutanen da ke wurin su ma za su ga abin da ka yi, su yi maka hukunci a kansa. Wato kunya tana da wurin aiki, kuma kunya ita ce ɗan sandan da ya fi kowane kusa. Mai tabarau kuwa zai gaishe ni da fara'a alhali yana karanta bashin da ake bi na, ya yanke shawarar ba ni haya ko hana ni, ni kuma in tafi ban san a kan me aka yi mini shari'a ba. Tozarcin fili yana da zafi, amma hukuncin ɓoye ya fi shi haɗari, domin ba a kare kai daga tuhumar da ba a ji ba.

Daga nan na samo ma'aunin da nake ganin zai yi mana amfani. Duk abin da ba zan iya haskawa a ƙirjin mutum yana kallo ba, saboda na san zai ji ciwo ni kuma zan ji kunya, to bai kamata in karanta shi a ɓoye ina yi masa murmushi ba. Majigin ya zama abin gwaji ko da babu shi a hannu.

Abin da ya rage gare mu

Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla injiniyanci da kwamfuta suke karantawa, kuma gobe su za a ba irin waɗannan ayyuka, a nan ko a gida. Roƙona gare ku shi ne, kafin ku tambayi ko na'ura za ta iya, ku tambayi a kan wa bayanin zai sauka, ko ya san ana yi, ko kuma yana da hanyar cewa a'a. Mai sayen na'ura yana da wanda zai saurare shi, tunda shi ke biya. Wanda aka nuna na'urar gare shi ba ya cikin ɗakin da ake zana ta, sai in ku kun tuna da shi. Ku da kuka san ɗacin a karanta mutum ta fasfonsa kun fi kowa cancantar ku zama bakinsa a wannan ɗaki. Masu karatun lauya kuma su sani cewa ƙasashenmu za su sayi waɗannan kayayyaki ko an yi musu doka ko ba a yi ba.

Sauranmu ma ba mu tsira ba. Waya tana hannun kowa, kuma ba sai da majigi ko tabarau ake bin diddigin sabon ɗalibin da ya iso, ko wadda ake nema da aure, ko wanda za a haɗa gida da shi, sannan a watsa abin da aka tono a zauren hira ba. Bincike yana da muhallinsa, musamman a maganar aure da amana, amma yana da ƙa'ida: a tambayi abin da ya shafi maganar, a ba mutum damar ya amsa, a rufe sauran. Wanda ya sauka a garin nan da jaka ɗaya yana da haƙƙin ya gaya mana ko wane ne shi da bakinsa, a lokacin da ya zaɓa.

Wannan ra'ayina ke nan. Na san a cikinmu akwai waɗanda ke aiki da waɗannan na'urori a ɗakunan gwaji, kuma zan so in ji inda suke ganin ya kamata a ja layin. Filin mujallar nan a buɗe yake gare su.